Ɗaki, Jari da Alƙalami: Matan Ƙagaggun Labarai Daga Landan Zuwa Bakin Dajin Kamuku

Laccar da aka gabatar ga malamai da ɗaliban adabi a Birnin Gwari



A watan Oktoba na 1928 aka gayyaci Virginia Woolf ta yi wa ɗalibai mata jawabi a kwalejojin Newnham da Girton na Jami'ar Cambridge a Ingila. A lokacin jami'ar tana barin mata su zauna a aji su rubuta jarrabawa, amma cikakken digiri sai 1948 ta yarda ta ba su. Jawaban nan su ne suka zama littafin A Room of One's Own a 1929, kuma hujjar littafin gajeriya ce. Macen da ke son rubuta ƙagaggen labari, in ji Woolf, tana bukatar kuɗin shiga na ƙashin kanta, fam 500 a shekara a lissafinta, da ɗaki nata wanda za ta iya rufewa ta sa sakata.

In aka karanta wa matar aure a Kuyello ko Randagi ko nan cikin gari wannan magana, ba mamaki ta ce: to ai ni ina da ɗaki. Kuma gaskiyarta ce. Bahaushiya ɗakinta ake kai ta. Gado da katifa da jeren kwalla ko tangaran, duk daga gidan iyayenta suka fito, kuma ran da aure ya mutu ’yan uwanta ke zuwa su kwashe. Kuɗin ƙuli-ƙulinta da man gyaɗarta da zubin adashenta nata ne. Miji in ya taɓa, rance ya ci. Shari'a ta yanka mata gado ta ba ta ikon mallaka tun ƙarni na 7. Matar aure a Ingila kuwa, kafin dokokin 1870 da 1882, abin da ta shigo da shi da abin da ta samu da guminta duk hannun miji yake komawa. A 1882 ɗin nan aka haifi Woolf.

To ga ɗaki, ga jari. Me ya sa sai 1980 aka ga ƙagaggen littafin Hausa na farko da sunan mace a bangonsa? Kafin a kai ga amsa, sai an leƙa abin da marubutan Ingila suka yi da zaman gida.

Tsakanin 1910 da 1930 wasu marubuta a can suka gaji da labarin da ke tafiya daga haihuwa zuwa aure zuwa gado. Suka koma bin zaren tunanin mutum yadda yake zuwa masa, a tsinke, a cakuɗe da tuna baya. Dorothy Richardson ta soma da Pointed Roofs a 1915, Katherine Mansfield ta yi nata a gajerun labarai, James Joyce ya kai abin maƙura a Ulysses a 1922. Wannan salo ya yi wa mata rana ta wata hanya da ba a zata ba. Tunda yanzu abin da ke gudana a zuci shi ne labari, matar da ta wuni tana ɗinki da karɓar baƙi ta zama tana da labari daidai da janar ɗin soja.

Zamanin ma ya taimaka. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya cinye samari, har ƙidayar 1921 ta nuna mata sun fi maza yawa da sama da miliyan ɗaya da rabi a Ingila da Wales. A 1918 aka ba matan da suka kai shekara 30 damar jefa ƙuri'a, a 1928 aka daidaita su da maza a shekara 21. Amma al'ada ba ta gudu da saurin doka. Ma'aikaciyar gwamnati in ta yi aure sai ta ajiye aiki, kuma haka aka ci gaba har 1946.

Wanda ke son ganin al'adar nan ido da ido, ya buɗe To the Lighthouse na 1927. Mrs Ramsay uwar ’ya'ya takwas ce, matar wani malamin falsafa mai son a riƙa yabonsa. Suna hutu a tsibirin Skye, gida cike da baƙi. Tana zaune bakin taga tana saƙa safa don yaron mai gadin hasumiyar fitilar jiragen ruwa, tana gwada tsawon safar a ƙafar ƙaramin ɗanta, kunnenta ɗaya na wajen mijinta da ke kai-kawo a farfajiya, zuciyarta na lissafin kuɗin gyaran rumfar shuke-shuke da ba ta so ta gaya masa. Da dare, a teburin cin abinci, ita ke lura da wanda aka bari ba a yi masa magana ba, ita ke jefa kalmar da za ta kashe gardama tun ba ta tashi ba. Aikinta kamar na uwargidan babban gida ne ranar suna: kowa ya ci ya ƙoshi ya tafi yana yabon taro, ba wanda ya san ita ba ta zauna ba.

Woolf ba ta raina wannan mata ba. Mahaifiyarta Julia ce ta zana, wadda ta rasu a 1895 Virginia na da shekara 13. Amma ta nuna ɗaya fuskar. Mrs Ramsay ta yi imani kowace mace sai ta yi aure, ta tura baƙinta Paul da Minta suka yi, auren bai yi albarka ba. Ta so ta haɗa Lily Briscoe, mai zane, da wani dattijo, Lily ta noƙe. Wato wadda al'ada ta fi gajiyarwa ita ce kuma mai gadinta. Duk wanda ya taɓa ganin yadda gwaggo da inna ke taruwa a kan yarinyar da ta yi yaji, suna cewa “yi haƙuri, mu ma haka muka zauna”, ya san Mrs Ramsay ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan.

Sauran marubutan sun taɓo nasu ɓangaren. A Howards End na E. M. Forster, 1910, gidan na wata matar aure ne, ta bar wasiyya da fensir cewa a ba ƙawarta, miji da ’ya'ya suka jefa takardar a wuta. D. H. Lawrence a The Rainbow ya bi zuriya uku har zuwa Ursula, wadda ta fita ta zama malamar makaranta. Kotu a Landan ta sa aka kwashe littafin aka lalata a 1915, da sunan batsa.

Akwai abin da masu yabon Woolf kan tsallake. Ɗakin nan nata ba daga sama ya faɗo ba. Gwaggonta Caroline ta bar mata gadon fam 2,500 a 1909. Tana da kuku, Nellie Boxall, wadda ta yi mata girki shekara 18, suna faɗa suna shiryawa. Sannan a 1917 ita da mijinta Leonard suka sayi ƙaramin injin buga littafi suka ɗora a kan teburin cin abinci, suka kira shi Hogarth Press. Daga nan ba editan da zai ce mata rubutunta ya yi wuyar fahimta. Ɗaki da kuɗi ta ambata a Cambridge, amma a bayansu akwai wata mata a kicin, akwai ɗakin karatun mahaifinta da ta tashi a ciki, akwai maɗaba'a.

Yanzu a dawo gida. Birnin Gwari na zaune ne a tsakiyar tarihin nan, ko da ba a cika faɗa ba. Ta kudu akwai Kagara, ta gabas akwai Giwa, ta arewa maso gabas akwai Funtuwa.

Kagara ce mahaifar Abubakar Imam, wanda aka haifa a 1911, kuma garin yayansa Bello Kagara. A gasar da Rupert East ya shirya a 1933 daga Hukumar Fassara ta Zariya, littattafai biyar suka fito: Ruwan Bagaja na Imam, Ganɗoki na Bello, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East. Marubutan duka maza ne, don a wancan lokaci su ne suka yi makarantar boko. Taurarin ma maza ne masu yawon duniya. Mace ɗaya da ta fi tsayawa a rai ita ce mahaifiyar Shaihu Umar, wadda labarinta ya soma a Kagara. An sace mata ɗa, ta bar gida ta bi sawunsa, aka yaudare ta aka sayar, ta ƙetare hamada cikin bauta, ta gan shi, ta cika. Tafawa Ɓalewa ya ba ta zuciya, amma daga bakin ɗanta muke jin ta. Abin da take tunani da dare a kan rairayi, littafin bai shiga ba.

Giwa ce ta ba da muryar. Daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, Mary Smith, matar masanin zamantakewa M. G. Smith da ke bincike a ƙasar Zazzau, ta zauna da wata tsohuwa a Giwa tana rubuta abin da take faɗa. Tsohuwar ita ce Baba, mutuniyar Karo, wadda aka haifa wajen 1877. Ta yi aure huɗu, ba ta haihu ba, ta yi riƙon ’ya'yan dangi. Ta yi bayanin ƙawance da zaman kishiyoyi da bori da rinji da zuwan Turawa, ta faɗi yadda mahara ke kama mata da yara a hanya ko a gona, dangi su haɗa wuri su kai fansa. Mutanen yankin nan ba sa bukatar a fassara musu wannan babi. Baba ta rasu a 1951. Littafin, Baba of Karo, ya fito da Turanci a Landan a 1954 daga kamfanin Faber and Faber, inda T. S. Eliot ke cikin daraktoci, shi Eliot ɗin da Woolf ta jera baƙaƙen doguwar waƙarsa da hannunta a Hogarth a 1923.

Baba na da ɗaki, tana da sana'a, tana da ƙwaƙwalwa da iya zance da marubuta da yawa za su yi wa hassada. Alƙalamin ne a hannun wata.

Ba kuma don ƙasar ba ta san mace mai rubutu ba. Woolf sai da ta ƙago wa Shakespeare ƙanwa don ta nuna yadda baiwar mace ke salwanta. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ba ya bukatar a ƙago masa. Ƙanwarsa Nana Asma'u, 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta naɗa jajis suna kai karatu ƙauyuka ta hanyar ’Yan Taru. Sai dai Asma'u ta tashi a gidan Shehu, inda tawada da takarda suke kamar ruwan sha ga mace da namiji. Yawancin gidaje ba haka suke ba.

Amsar tambayar da aka yi ɗazu tana kan farantin talla. Polly Hill, da ta yi bincike a Ɓatagarawa kusa da Katsina, ta rubuta a 1969 kan kasuwar ɓoye da matan kulle ke ci daga cikin gidajensu: hatsi, mai, ƙosai, fura, ana saye ana sayarwa ba tare da sun taka ƙofar gida ba. Enid Schildkrout ta bi sawun abin a Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa ƙafafun wannan kasuwa yara ne, musamman mata. Uwa na soya, ’ya na kaiwa. Ribar ana zuba ta adashe, adashen ya sayi kwalla da gado, a jera wa yarinyar ran aurenta. Lissafin ya fita tsaf, kowa ya sami ɗaki da jari. Abin da aka biya da shi shi ne safiyar yarinyar, lokacin da ake kiran suna a aji. Al'adar da ta ba Bahaushiya abu biyun da Woolf ta roƙa, ita ce ta karɓe na ukun da Woolf ba ta ma ga bukatar roƙa ba.

Shi ya sa shekara 46 suka shige tsakanin fitowar Ruwan Bagaja da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, wanda ya fito a 1980 bayan gasar kamfanin NNPC na Zariya, labarin budurwa Bafulatana da ta zaɓi mijinta a wajen dangi. A 1984 Zaynab Alkali ta fitar da The Stillborn da Turanci, kan ’yan mata uku da abin da aure da birni suka yi da mafarkinsu. Daga nan ƙofa ta ɓalle. Yaran da suka shiga firamare a shirin ilimi kyauta na 1976 sun girma sun iya karanta Hausar boko, ga injinan buga takarda a Kano, ga masu shaguna a kasuwa. Funtuwa ta ba da Bilkisu Ahmed Funtuwa, Anti Bilki, mai Allura Cikin Ruwa, wadda ta cika littattafanta da matan da suka yi karatu suka yi arziki ba su bar ɗakin miji ba.

Wadda ta fi kusa da zafin maganar ita ce Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar Janar Murtala Muhammad. An cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana da kimanin shekara 13, auren ya mutu, daga baya ta koma ajin yaƙi da jahilci a Kano. A Wa Zai Auri Jahila? na 1990, Abu ta sha irin wannan: an hana ta karatu, saurayinta ɗan boko ya guje ta don ba ta yi karatun ba, aka ba tsoho Sarkin Noma, ta gudu birni, ta yi karatu ta zama ma'aikaciyar jinya. A Alhaki Kuykuyo Ne, Rabi mai ’ya'ya tara ce, mijinta Alhaji Abdu ɗan kasuwa ya auro Delu ya kore ta. Rabi ta kama sayar da abinci ta riƙe yaranta, har ta aurar da Saudatu gidan mutunci. Da gobara ta cinye shagon Alhaji, Delu ta watse, sai dangi suka taru a kan Rabi ta koma. Ta koma, ba da son ranta ba. Masu karatu da yawa sun ji haushin wannan ƙarshe, amma nan ne littafin ya fi gaskiya, don Balaraba ta san waɗanda ke zuwa biko da irin maganar da suke zuwa da ita.

Ta fuskar salo, ba a haɗa su. Balaraba labari take bayarwa kai tsaye, abu na bin abu, ba ta tsaya bin zaren tunani shafi goma. Masu sukar adabin kasuwar Kano sun yi ta cewa rubutun gaggawa ne, kuma a kan littattafai da dama sun yi gaskiya. Amma ita da Woolf sun yarda da abu ɗaya, cewa kuɗin cefane da rabon kwana da wanda ya gaishe da wa sun isa a gina littafi a kansu. Martanin hukuma ma ya yi kama. A 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a a wata makarantar ’yan mata a jihar Kano. A 2012 kuma wani kamfani a Chennai ta Indiya, Blaft, ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Aliyu Kamal ya yi.

Saura daji. Dajin Kamuku, wanda ya zama gandun ƙasa a 1999, ya haɗe da na Kuyambana ta Zamfara, kuma kowa a zauren nan ya san abin da ya fito daga cikinsa a shekarun nan: harin Gwaska a watan Mayu na 2018, satar ɗaliban Kagara a Fabrairun 2021, malaman firamaren Rama a Maris na 2021, yaran Kuriga a Maris na 2024. Jarida na kawo adadi, mutum kaza aka kashe, kaza aka sace, miliyan kaza aka nema.

Woolf ta rubuta yaƙi ba tare da ta kai mai karatu fagen fama ba. A Mrs Dalloway na 1925, labarin yini ɗaya ne a watan Yuni, matar ɗan majalisa na shirin walima. A gefe guda akwai Septimus, tsohon soja da ya dawo jiki lafiya, kai ba lafiya, yana ganin abokinsa da ya mutu. Matarsa Rezia ’yar Italiya ce mai ɗinkin huluna, ba ta da kowa a Landan. Ita ke jan hannunsa a lambu don kada mutane su lura yana magana shi kaɗai, ita ke kai shi wurin likitocin da ba sa sauraro, zoben aurenta har ya yi mata yawa don rama. A To the Lighthouse kuma, mutuwar Mrs Ramsay da ta ’yarta Prue wajen haihuwa da ta ɗanta Andrew a Faransa, kowacce layi biyu ko uku aka ba ta. Shafukan an ba wa gidan da aka bari shekara goma, danshi na cin bango, ciyawa na shiga, har wata tsohuwar ’yar aiki, Mrs McNab, ta zo da guga da tsintsiya tana nishi tana gogewa.

Tun da aka yi sulhu da ’yan bindigar dajin a Nuwamban 2024, Gwamna Uba Sani ya zo ya buɗe kasuwar kara bayan shekaru a rufe, mutane sun soma komawa wasu garuruwan da suka bari. Akwai matar da ta sayar da kayan ɗakinta aka haɗa kuɗin fansa. Akwai wadda mijinta ya dawo daga daji ba ya barci, ita ke ce wa baƙi zazzaɓi ne. Akwai wadda ta koma ta tarar gara ta cinye azara, ta ɗaura zani ta soma shara. Wannan ne kayan aikin da Rezia da Mrs McNab ke nuna wa marubuciyar Hausa, kuma salon bin zuci ya fi dacewa da shi fiye da salon “daga nan sai”.

An riga an soma. Lokacin da Sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata ta mata zalla a 2016, labarin da ya zo na ɗaya, Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, kan rayuwar ’yan gudun hijira ne. Marubuta mata da yawa yanzu a waya suke rubutu, babi-babi, su saka a zaurukan WhatsApp ko Wattpad, masu karatu su biya ta banki ko da katin waya. Wayar ta zama musu abin da injin kan teburi ya zama wa Woolf, ba edita, ba ɗan kasuwa a tsakani. Sai dai tana bukatar yarinyar da ta zauna a aji har ta iya haɗa jimla, tana kuma bukatar sabis. A ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin Kaduna ta sa aka katse layukan waya a Birnin Gwari da Giwa da wasu ƙananan hukumomi saboda tsaro, ba a maido ba sai ƙarshen Nuwamba, a daidai lokacin da makarantun ƙauyuka da dama a yankin suke a rufe.